Yadda Na Goge Mai Raba Wasiƙu

Ni ne Douwe Hiemstra, kuma idan ba ka taɓa jin sunana ba, laifin malamanka ne. Ni na shirya *Saƙo Daga Duniya Ta Tara*, fim ɗin 'yan sama jannati na farko, kuma na ƙarshe, da aka taɓa ɗauka a garinmu Westerzand. Yau shekara arba'in da biyar ke nan. A lokacin ina ɗan shekara ashirin da bakwai, da kyamarar aro, da girman kai wanda nawa ne na kaina. Kumbonmu murfin tukunyar cuku ne da muka rataya da zaren kamun kifi. Duniya ta tara kuwa tudun rairayin nan ne na bayan ganuwar teku, inda yanzu aka hana shiga da karnuka.

Fim ɗin ya yi suna, wannan ba ƙarya ba ce. Kowace shekara, Lahadin farko ta watan Oktoba, silimar Rinse takan cika maƙil. Daga Jamus ake zuwa, daga Beljiyam ake zuwa. Abin da ban cika gaya wa 'yan jarida ba shi ne abin da ke kawo su.

A minti na arba'in da ɗaya, jaruminmu Hylke, wanda yanzu shi ne mahaucin gari, yakan tsaya a kan tudu, ya cire hular ƙarfe, ya ce da babbar murya, "Shekara dubu ke nan babu mai rai da ya taka ƙasar nan." Bai rufe baki ba sai ga Sybren mai raba wasiƙu ya gifta ta bayansa a kan keke, da hularsa da jakunkunansa. Ya kaɗa ƙararrawa, ya ɗaga hannu, ya wuce abinsa. Daƙiƙa bakwai. Ba mu da sauran fim a kyamara da za mu sake ɗauka, haka muka bar shi.

To tun daga shekarar farko mutane suka mai da abin al'ada. Kowa yakan zo da ƙararrawar keke a aljihu, ya zauna ya daure wa mintuna arba'in na fasahata, yana jiran Sybren. Da zarar ya ɓullo sai ƙararrawa ɗari uku su kaure, a ɗaga masa hannu, a yi ta dariya har da masu hawaye. Ni kuwa ina kujerar gaba ina murmushin yaƙe. Mutum ya yi shekara biyu yana rubuta labarin makomar ɗan Adam, a ce abin da duniya ta riƙe shi ne ma'aikacin gidan waya. Abin nan ya ci mini rai shekara arba'in da huɗu.

Bana na ce ya isa. Na ji manyan daraktocin duniya suna komawa tsofaffin finafinansu suna gyarawa da kwamfuta, ni kuwa ban ga abin da suka fi ni da shi ba. Na karɓo gwangwanayen fim ɗin guda uku daga hannun Rinse mai silimar, na ce masa zan share musu ƙura ne. Su kaɗai ne a duniya. Na kai birni aka juye mini su a kwamfuta, na dawo na sanar da yayata Marrit, wadda muke gida ɗaya tun da matata ta gudu da littattafaina na kirki, cewa nan da wata uku za ta ga aikin da za a riƙa koyarwa a jami'a.

"Kai da ba ka iya kashe ƙararrawar agogonka ba?" in ji ta.

"Yaya, fasaha a jini take."

"To ka taka a hankali, kada ta zube mini a kan darduma."

Na kafa kwamfutar a falo. Sai na tuna tagarmu tana kallon titi, kuma duk mai wucewa zai ga sirrina. Na tashi na ja labule, da ƙarfe goma na safe.

A Westerzand ba a jan labule da rana sai da gawa a gida. Na san haka sarai, amma hankalina yana duniya ta tara. Kafin sha ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Marrit ta buɗe, sai ga Hylke cikin baƙar kwat, ga Rinse da furanni, ga rabin unguwa a bayansu sun sunkuyar da kai. Da suka ga Marrit tsaye da ranta, sai suka gane wanda ya rasu.

Ina zaune a falo ina jin ta'aziyyata da kunnena. Hylke ya ce Allah ya jiƙan Douwe, mutum ne mai kirki duk da bai iya fim ba. Wata maƙwabciya ta ce dama tun makon jiya ta ga kamar na kumbura, ashe ba girman kai ba ne kaɗai. Rinse kuwa ya yi gyaran murya, ya ce ya san ba lokacin maganar ba ne, amma ko mamacin ya bar wasiyya game da gwangwanayen nan uku.

"Bai mutu ba tukuna," in ji Marrit. "Yana ciki yana kashe Sybren."

Ta shigo ta yaye labulen da kanta, ta ce muddin tana gidan ba za a sake rufe shi ba. Haka na ci gaba da aikin sirrina a gaban jama'a. Kullum da hantsi akwai mutum biyar ko shida a bakin taga, hannuwa a baya, suna kallo.

Satin farko na goge Sybren tas. Na juyo ina jiran yabo, sai na ga masu taga suna nuna allo. Keken na nan, yana tafiya shi kaɗai, feda na juyawa. Hylke ya ɗaga murya ta gilashi ya ce ai wannan ya fi duk sauran fim ɗin ban tsoro, in bar shi haka. Sati na biyu na goge keken, inuwa ta rage, inuwar mutum mai hula tana ratsa rairayi tana gaisuwa. Sati na uku na bi inuwar na goge, na haɗa da kunnen Hylke na hagu. Ya shigo har falo bai cire takalmi ba.

"Ina kunnena?"

"Zan mayar maka."

"Ka mayar yau. Jikokina za su zo kallo."

Na mayar masa, sai dai ya ɗan fi ɗayan girma, kuma yana motsi da kansa idan ya yi magana. Wurin da na goge inuwar kuwa ya zama wani baƙin rami a tsakiyar tudu. Nan ne basirata ta motsa. Na ce me zai hana in rufe ramin da dodo? Na samo wani ƙaton dodo kore mai hannu shida, na ɗora shi daidai inda Sybren yake bi. Da na ga abin ya yi mini kyau, na ƙara kumbo arba'in a sama, na cire zaren kamun kifi, na sa duwatsu suna aman wuta, na sauya kalar teku zuwa shuɗi mai ƙyalli. Masu taga suka daina magana. Na ɗauka mamaki ne ya kama su.

Ƙungiyar masoya fim ɗin ta kira taro a ɗakin taron coci. Mu nan ba a yanke shawara sai kowa ya faɗi tasa, don haka aka yi awa huɗu da kofi tulu shida. Wani malamin makaranta ya ce fim ɗin ba nawa ba ne, na masu kallo ne. Wata mai sayar da tabarau ta ce a daren da aka fara kaɗa wa Sybren ƙararrawa ta haɗu da mijinta, kuma ba za ta yarda a goge mata aure ba. Aka karanta wasiƙar Jamusawa mai shafi tara, da lamba a kowane sakin layi. A ƙarshe aka roƙe ni abu ɗaya: in nuna sabona in ina so, amma in mayar wa Rinse tsohon.

Da na yi shiru da an rabu lafiya. Amma ɗakin ya cika, kuma ban taɓa ganin ɗaki cike na yi shiru ba. Na miƙe na gyara wuyan riga, na ce mai fasaha na gaskiya ba ya waiwaye. Na ce tsohon fim ɗin ya tafi inda ba a dawowa, domin da hannuna na jefa gwangwanayen uku cikin teku daga kan ganuwa, ina kallo suka nutse.

Babu wanda ya yi ihu. Mutanenmu ba su yi. Kowa ya wanke kofinsa ya kife, aka fita ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni da tattara kujeru.

Washegari na sami takarda a ƙarƙashin ƙofa: Gwaggo Froukje tana gayyatata shan kofi ranar Alhamis, ƙarfe goma. Gwaggo Froukje matar Sybren ce. Shekararta tamanin da shida, mijin ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma duk garin Gwaggo ake ce mata, har mu masu furfura. Ita ta riƙa dafa mana miyar wake lokacin da muke ɗaukar fim ɗin. Ba ta taɓa fashin Lahadin Oktoba ba.

Na je goma daidai. Ta zuba kofi, ta ɗauko gwangwanin biskit. A gidajenmu ana buɗe gwangwani, baƙo ya ɗauki guda ɗaya, a rufe. Ta buɗe, ta dube ni, na miƙa hannu, ta rufe. Ta mayar da shi kan kabad. Tun da nake ban taɓa jin an yi wa wani haka ba.

"Ɗan nan," ta ce, "hotunansa ina da su cike da akwati, amma duk a tsaye yake kamar an dasa shi. Wuri ɗaya ne kawai yake motsi. Sau ɗaya a shekara yake gaishe ni, kuma ban san ko Oktoba nawa suka rage mini ba."

Ba zan ɓoye ba. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Amma na riga na yi magana a gaban mutum tamanin. Sai na shiga yi mata bayanin hangen mai fasaha, da yadda dodon yake wakiltar kaɗaicin ɗan Adam. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko dodon ya iya gyaran famfo, don Sybren ya iya. Na shanye kofina babu biskit na fito.

Ranar Lahadin farko ta Oktoba aka tashi da ruwa da iska. Ƙarfe biyu na rana silimar ta cika fiye da kowace shekara, don labari ya bazu. Na sa baƙar kwat ɗin aurena, wadda maɓallinta ɗaya ne kawai yake yarda ya rufu, na hau dandamali na yi jawabin minti ashirin. Na ce yau za su ga fim ɗin yadda yake a kaina tun asali. Wani daga baya ya ce Allah ya sawwaƙe. Aka kashe fitilu.

Kumbo arba'in suka keto sararin sama, babu wanda ya ce uffan. Duwatsu suka yi aman wuta, wani ya yi hamma. Hylke ya bayyana, kunnensa na hagu yana kaɗawa, na ji jikarsa tana tambaya da ƙarfi ko Kaka ba shi da lafiya ne a lokacin. Ina kallon agogo. Minti arba'in. Na ji ana ta laluben aljihu, domin hannun mutane ya saba, ko da sun san babu wanda za su kaɗa wa.

Hylke ya cire hular ƙarfe. "Shekara dubu ke nan babu mai rai da ya taka ƙasar nan."

Dodona ya shigo.

A allon kwamfutata, wanda bai fi faranti girma ba, dodon ya fito tsaf. A allon Rinse mai faɗin bango kuwa, sai ga ƙafafun keke biyu a ƙarƙashin tumbinsa suna juyawa. Ashe ban goge su ba, dusashe su kawai na yi. Ga igiyar jakar wasiƙu ta ratsa ƙirjinsa. Kuma wata uku ina fama da hoto, ko sau ɗaya ban tuna da sauti ba, saboda Marrit ta hana ni kunna shi a falo. Dodo mai hannu shida, abin tsoron duniya ta tara, ya zo tsakiyar tudu ya yi ƙiring-ƙiring. Sannan wani hannu na bakwai, mai rigar gidan waya, ya fito daga kafaɗarsa ya gaishe da jama'a.

Hylke ne ya fara, da wata irin dariya kamar ana jan tebur. Daga nan silimar ta ɓarke. Bajamushen da ya rubuta shafi tara ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Rinse ya tsayar da fim ɗin don shi ma ya kasa tsayuwa, hoton ya daskare a kan dodona da hannunsa a sama. Na miƙe ina cewa da gangan na yi, alama ce ta haɗuwar da da yanzu. Ba wanda ya ji ni.

Sai Gwaggo Froukje ta dafa sandarta ta tashi. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Shiru ya bi layi-layi har ya kai baya.

"Wancan hannunsa ne," ta ce. "Ina sauransa?"

Na ce, Gwaggo, ai na faɗa a taro, teku ta...

"Wace teku?" Muryar Marrit ce daga layin ƙarshe. "Yana rumbun dankali, ƙarƙashin buhu na uku. Mutumin da ya kasa zubar da safar da ta huje tun zamanin mahaifinmu, shi ne zai jefa fim ɗinsa a ruwa?"

Kai ɗari uku suka juyo kaina. Na ce ai na ajiye ne saboda masu binciken tarihi. Gwaggo Froukje ta ce to ga tarihi nan tsaye da sanda, in je in ɗauko. Na ce gwangwanayen manya ne, kekena ba shi da kwando, ga ruwa ana yi, ko a bari sai gobe. Ta zura hannu a jaka ta miƙo mini mabuɗi.

"Ɗauki nasa. Yana ƙofa. Jakunkunan ba sa yoyo."

Ashe duk shekara takan sa a turo mata tsohon keken Sybren har ƙofar silima, a jingine shi a wurin. Baƙi ne, mai nauyin jaki, sirdinsa an ɗaga shi daidai dogon mutum, ni kuwa gajere ne. Na hau da ƙyar. Iska tana gabana a tafiya, kuma kamar yadda ta saba a garin nan, da na juyo ta juyo tare da ni. Maɓallin kwat ɗina ya tsinke a wajen gidan burodi. Na tono gwangwanayen daga ƙarƙashin dankali, na cusa su a jakunkunan wasiƙu, na kamo hanya ina haki, ƙasa har gwiwar wando.

Da na karyo kwanar silima sai na ga duk sun fito. Mutum ɗari uku a jere gefen titi, cikin ruwa, babu mai magana. Na zo wucewa ta tsakiyarsu a kan keken Sybren, da jakunkunan Sybren cike. Ban san wanda ya fara ba. Ƙararrawa ɗaya ta yi ƙara, sai goma, sai duka. Na ɗaga hannu. Har gobe ina cewa ruwa nake sharewa daga ido, amma akwai hotuna.

Rinse ya ɗora tsohon fim a majigi. Gwaggo Froukje ta nuna kujerar da ke kusa da ita, na zauna ina ɗiga. Murfin tukunyar cuku ya sauko a kan zarensa, aka yi masa tafi kamar ɗan gari ya dawo daga tafiya. Wajen minti na talatin da tara ta matso kusa da kunnena.

"An ce wata uku kana kallon wurin nan kullum."

"Sau dubu na kalle shi, Gwaggo."

"To ka taɓa tambayar kanka wasiƙar wa zai kai tudun da babu gida ko ɗaya?"

Ban taɓa ba. Ta ce ita ce a tsaye bayan kyamarata ran nan, da tukunyar miya a hannu. Shekararta arba'in da ɗaya a lokacin, kowa ya cire rai da aurenta, har ita. Sati uku Sybren yana barin hanyarsa yana zagayowa ta cikin rairayi, yana wucewa kansa a sunkuye. Ranar ce rana ta farko da ya yi ƙarfin halin ɗaga hannu.

Hylke ya cire hular ƙarfe, kunnuwansa biyu daidai. Sybren ya shigo. Sai a ranar na dubi fuskarsa maimakon in dubi abin da ya ɓata mini. Ba kyamara yake kallo ba, gefenta yake kallo, kuma a tsorace yake ƙwarai. Ƙararrawa ɗari uku suka kaure. Gwaggo Froukje ba ta kaɗa komai ba. Ta ɗaga hannu a hankali, ta riƙe shi a sama har ya fita daga allo. Na yi kuka, kuma wannan karon babu ruwan sama da zan laƙa wa.

Da aka fito wata 'yar jarida ta tare ni, ta tambayi yadda aka yi wannan fitowar ta mai keke ta shiga fim ɗin tun asali. Ga makirufo a gabana, ga mutane suna saurare. Na ji bakina yana cewa ai ni na tsara ta, na daɗe ina nazarin yadda soyayya take kutsawa cikin kaɗaicin sararin samaniya. Ranar Talata maganar ta fito a jarida, da hotona a kan keke.

Ranar Laraba na sami takarda a ƙarƙashin ƙofa. Alhamis, ƙarfe goma. Gwaggo Froukje ta zuba kofi, jaridar tana ninke a gefen tebur. Ta buɗe gwangwani, ta ɗauko biskit ɗaya da kanta, ta karya shi biyu, ta miƙo mini ɓari ɗaya.

"Wannan na dawo da shi da ka yi," ta ce. "Ɗaya ɓarin kuma sai ranar da ka daina ƙarya."

Duk Alhamis ina zuwa. Har yau rabi nake ci.